Jan Fenti a Bakin Titin Abdulkafi

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan rai, ku yafe ni, wuta ce ta yi mana yaji a unguwa. Ga shi nan da zafinsa. Yau ranar taro.

*

Hassia ba ta gama sauke tukunyar shinkafa da wake ba ta hango su da gwangwanayen fenti.

Ma'aikatan baladiya ne, wato hukumar gari. Sun faro daga wajen kantin magani suna shafa wa dutsen bakin titi ja, suna matsowa inda take. A tsallake kuma ga na'urorin tikitin nan da aka kakkafa makon jiya, kowace kanta lulluɓe da leda, suna jiran ranar da za a ce su soma aiki.

Baba Tahirou, dattijon da leburorin Nijar ke jin maganarsa, ya ajiye kwanonsa a kan benci.

"Kin gani ko, ɗiyata? Taro sai la'asar, fenti tun da hantsi. Sun ƙare shawara tasu. Mu kallo sunka kira mu."

Hassia ta ci gaba da gyara zaman tukunyarta.

Tun da kuɗin fetur ya sake buɗewa, garin Sabha ya cika da mota. Gidan da ke da guda a da, yanzu uku ne, mai kuma ya fi ruwan gora araha. Titin nan na Abdulkafi shi ne ya miƙe zuwa asibiti, amma kowa a nan yake ajiye tasa, ta wani a bayan ta wani, manyan motoci na sauke kaya, leburori na zaune a jere da guduma da shebur a gabansu suna jiran mai ɗauka. A tsakiyarsu Hassia take sayar da abinci. 'Yar Tawa ce, amma a unguwar Tayuri ta nan Sabha ta girma, Larabci a bakinta kamar 'yar gari. Shi ya sa mutanen bakin titi suka ce ita za ta yi magana da yawunsu a taron yau, ta ce ba su yarda ba.

Wata murya ta tsaga hayaniyar.

"Wa ya ce ku wuce kantin magani? Wa ya ce?"

Muhandisa Mabruka ce, injiniyar da ta tsara aikin. Ta ƙwace burushi daga hannun na gaba, ta jefa a gwangwani.

"Ku rufe su. Ba a ƙara ko taki ɗaya sai an ji bakin mutane."

Suka ja gefe suna gunaguni. Ita kuwa ta tako ta zauna a bencin Hassia, abin da ba ta taɓa yi ba. Leburori suka matsa mata.

"Zuba min kaɗan," ta ce da Larabci. "Ban karya ba."

Hassia ta zuba, ta miƙa ba tare da ta dube ta ba.

"Na ji ke ce za ki yaƙe ni anjima."

"Ba ni da yaƙi da kowa, Muhandisa. Wurin neman abincina nake karewa."

"Kin dai ga tsarin?"

"Na ji."

"Ji daban ne. Bari in faɗa miki da bakina. Wancan hannun na masu ajiye mota ne, mutum ya ciri tikiti a na'ura, ya yi abin da ya kawo shi, ya ba wani wuri. Manyan motoci su sauke kaya daga asuba, kafin yara su fita makaranta su tashi. Wannan hannun da kike a bar shi fayau, kyamara na kallonsa daga kan falwaya. Ku kuma ku koma filin bayan gidan burodi. Za a yi rumfa, za a ja famfo."

"Bayan gidan burodi."

"Eh."

"Wa zai gan mu a can?"

Mabruka ta tsayar da cokali.

"Waɗannan mutanen ba shago gare su ba," Hassia ta ce tana nuna leburorin da haɓa. "Mai mota yana wucewa ya ga shebur, ya tuna yana da gini, ya tsaya. In kin ɓoye su bayan bango, kin ba su inuwa kin ɗauke musu aiki. In babu su, ni wa zan zuba wa?"

Mabruka ta juya abincin da cokali.

"Wannan ki faɗe shi a taro, yadda kika faɗa min. Don irinsa na matsa a yi taron. Amma hannun nan, Hassia, ba zan bari ba. Ko za a kore ni daga aiki."

"Me ya sa? Tituna nawa ne a Sabha? Me ya sa sai namu?"

Mabruka ta ajiye kwanon. Da ta sake magana, muryarta ta sauka.

"Bara, lokacin yankan dabino, mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi a gonarmu a Wadi Bawanis. Mahaifina ya sa ta a bayan a-kori-kura. Duk nisan nan ya taho da ita tana numfashi. Sai a nan, daidai inda nake zaune."

Hassia ta ɗago.

"Wata babbar mota aka ajiye a kan layi na biyu, ta toshe hanyar. Ba direba, ba makulli. Mahaifina ya danna oda har ta shaƙe. Ya fito yana kuka, tsoho da gemunsa, yana roƙon a nemo mai motar. Da direban ya zo a guje ya janye, ta riga ta yi nisa. A ƙofar asibiti ta cika."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Likita ya ce da an iso da wuri kaɗan. Ban sani ba. Kwana ne in ya ƙare ya ƙare. Amma ba na son wani tsoho ya sake tsayawa a nan yana roƙo."

"An gane motar?"

"Wa ke duba lamba a wannan halin? Abin da mahaifina ya riƙe kawai, an zana wani tsuntsu a bayanta, ya baza jela. Ɗawisu. Har yau yana ganinsa in ya rufe ido."

Ludayin ya kuɓuce wa Hassia, ya faɗa cikin tukunya.

"Lafiya?"

"Zafi ne," ta ce. "Tururi ne ya same ni."

*

Ta bar wa Saoudé mai shayi tukunyar, ta ce ciki ne ya murɗa mata.

Ba ta tari tasi ba. Da ƙafa ta bi ta bayan kasuwa, zuciyarta na jero mata abubuwan da ba ta taɓa haɗa su wuri guda ba.

Lokacin yankan dabinon bara tana gida, 'yarsu Uwa na fama da ƙyanda. A makon ne mijinta, direban babbar mota, ya dawo hannayensa duk farin fenti, ya ce mai motar ne ya ce a shafe zanen. Zanen ɗawisun da shi da kansa ya nemo mai zane ɗan Kano ya yi masa, yana alfahari da shi kamar ɗa. Tun daga nan kuma bai ƙara shiga titin da mota ba. A kwana yake tsayawa, ya turo mata buhun shinkafa a baro. Ta ɗauka tausayin masu wucewa ne.

Kuma shi ne ya fi kowa zuga direbobi su ƙi tsarin nan.

Ta same shi a harabar sito, yana ɗaure tamfol. Gwadabe, mutumin Kano, dogo, mai yawan dariya a da.

"A'a, Maman Uwa. Wa kika bar wa tukunya?"

Ba ta kula shi ba. Ta zagaya bayan motar ta tsaya. Rana ta daki farin fentin, daga ƙarƙashinsa kana iya ganin inuwar jelar, zagaye-zagaye, kamar idanu.

"Baban Uwa."

"Na'am."

"Wa ya ce a shafe tsuntsun nan?"

"Na gaya miki tun bara."

"Sake gaya min. Ka dube ni ka gaya min."

Igiyar ta saki a hannunsa. Ya waiga dama da hagu, ya matso.

"Wa kika yi magana da shi?"

"Uwarta ce."

"Uwar wa?"

"Muhandisa. Matar da ke bayan a-kori-kura uwarta ce."

Gwadabe ya jingina da tayar. A hankali ya sulale har ya zauna a ƙasa.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Tun ranar da ta fara zuwa awon titi da tsohon a motarta. Na gane shi."

"Ka sani, ka bar ni ina zaginta a gidana? Ka sani, ka sa aka zaɓe ni in tsaya gaban jama'a in ce a bar hanya a toshe?"

"Yi a hankali, Hassia."

"Ina ka tafi ranar?"

"Shagon waya. Inna ce ba lafiya a Kano, na ce bari in ji muryarta. Ba wurin fakin, na ajiye yadda kowa ke ajiyewa. Ƙofar gilas ce a ɗakin wayar, ban ji odar ba. Wallahi ban ji ba."

"Da ka fito fa?"

"Na janye. Na bi su da ƙafa har asibiti. Ina tsaye a bakin get na ji kukan."

Ya sa tafin hannu ya goge fuska.

"Ni kaɗai na taɓa ajiye mota a layi biyu a titin nan? 'Yan gari ma haka suke yi. A ranar ma akwai wata a gabana. Amma in an tashi kamawa, wa za a kama? Baƙo."

Hassia ta san ba ƙarya ya yi ba. Wannan ne ya fi yi mata ciwo.

"To mi ya haɗa wannan da ƙin tsarin?"

"In ya tabbata, duk direban da zai sauke kaya da asuba sai ya je ofishinta an ɗauki hotonsa an ba shi kati. Tsohon kullum yana can a zaune. Ya kalle ni ido da ido ranar, Hassia. In ya nuna ni, shurɗa, 'yan sandansu, za su zo. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun mai motar take, ba zai tsaya min ba. Su zuba mu a mota su kai iyaka. Uwa fa? Ita da ba ta san ko'ina ba sai nan?"

"Shi ya sa ka gwammace hanya ta zauna yadda take."

"Na gwammace mu zauna."

"In gobe Uwa ce a bayan mota?"

Ya kau da kai.

"In ni ce?"

"Kada ki yi min haka."

"Ba ni na yi maka ba."

Ta gyara mayafinta. Muryarta ta daidaita.

"Ba zan ambaci sunanka ba. Ba ni zan miƙa uban ɗiyata ba. Amma abin da kuka ce in faɗa, ba zan faɗa ba."

"Direbobi za su ce kin ci amanarsu."

"Su ce."

"Ni dai ba zan je ba."

"Wannan tsakaninka da Allah."

Ta juya. Har ta kai get ya kira ta.

"Hassia. Kin tsane ni?"

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Da na tsane ka da ya fi min sauƙi."

*

Zauren makarantar unguwa ya cika tun kafin a idar da la'asar.

'Yan gari masu shaguna sun zauna a gaba. Direbobi a tsakiya. Leburori a baya, da yawansu a tsaye, wasu ma tsoron shiga ya hana su, suna leƙe ta taga. An haska hoton titin a bango, yadda yake yanzu da yadda ake so ya koma. Mabruka ta yi bayani, Hassia na juya wa nata mutanen da Hausa.

Mai kantin magani ya ce tikiti zai kori masu sayayya. Mabruka ta ce wanda ya tsaya ɗan lokaci ba zai biya ba, na'urar ta san haka. Wani ya ce kyamara za ta riƙa kallon matan mutane. Ta ce lambar mota take ɗauka, duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa. Aka yi ta ja, aka yi ta saki.

Sai shugaban kwamitin unguwa ya miƙa wa Hassia lasifika.

"Wakiliyar mutanen bakin titi."

Ta miƙe. Baba Tahirou ya gyaɗa mata kai. Direbobi suka gyara zama.

"Jama'a, an aiko ni in ce ba mu yarda ba."

Ta dubi direbobin.

"Da safe da wannan niyyar na fito. Yanzu ba zan iya ba. A bar hannun nan fayau. Ni ce ta fari da za ta ɗauke tukunyarta."

Ta maimaita da Hausa. Tsakiyar zauren ya ɗauki guna-guni. Wani direba ya buga ƙafa.

"An saye ta!"

"Ban gama ba," ta ce. "Amma bayan gidan burodi ba za mu je ba. A kwanar titi akwai wuri mai faɗi inda ake zubar da kwalaye. A share shi, a zana mana shi a ƙasa kamar yadda aka zana wa motoci nasu, mai neman lebura ya samu inda zai ratse ya ɗauka ya wuce. Mota ma an san ta da wuri. Mu ma a san mu da namu."

Baba Tahirou ya ɗaga sandarsa sama. Na bayansa suka fara ɗaga hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Mabruka ta juya ga hoton bango, ta sa yatsa a kwanar, ta daɗe tana dubawa.

"Zai yiwu," ta ce. "Sai an rage wa motoci wuri kaɗan. Amma zai yiwu."

Nan wani mai shagon taya ya zabura daga layin gaba.

"A rage mana don su? Su wa suka toshe titin tun farko? Ba baƙin nan ba ne da manyan motocinsu? Ku tambayi Hajj Miftah wa ya kashe masa mata!"

Zauren ya kaure. Shugaba na buga tebur, ba mai ji. Leburorin da ke taga suka fara zamewa.

Sai wani tsoho ya miƙe daga gefen Mabruka, da farar jarɗa, mayafin dattawan gari, a kafaɗa, yana dogara sanda. Mahaifinta ne, Hajj Miftah.

"Baba, zauna," ta ce.

Ya ɗaga mata hannu. Bai nemi lasifika ba. Zauren ne ya yi tsit don kansa.

"Kada wanda ya ƙara sa matata a bakinsa don rigimar wurin mota," ya ce. "Ranar da na tsaya ina roƙo, motocin da suka kewaye ni ba na baƙi kaɗai ba ne. Taka tana ciki, ɗan Abdussalam. Na san ta."

Mai shagon taya ya koma ya zauna.

Tsohon ya juya a hankali yana bin fuskoki. Layin gaba. Tsakiya. Baya. Hassia na bin idonsa, tana addu'a a zuci ya gaji ya zauna.

Sai idon ya tsaya.

Ta waiga.

A bakin ƙofa, a bayan kowa, Gwadabe ne tsaye. Ya yi wanka, ya sa shuɗiyar rigarsa ta Juma'a. Ƙofar a buɗe take a bayansa, ba wanda ya tare ta. Bai motsa ba.

Hajj Miftah ya ɗaga sanda ya nuna.

"Wancan. Mai shuɗiyar riga. Shekara guda ina nemansa."

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Mabruka ta dubi mutumin, ta dubi mahaifinta, launin fuskarta ya sauya.

"Ku ce masa ya zo nan gabana," in ji tsohon.

Shugaban kwamiti ya waiwayi Hassia.

"Wataƙila ba ya jin Larabci sosai. Faɗa masa da yarenku. Kin san shi?"

Lasifikar ta yi mata nauyi a hannu. Ta ji idon Mabruka a kanta, idon matar da ta ci abincinta da safe.

"Na san shi," ta ce da Larabci. "Mijina ne."

Sannan ta kai lasifikar bakinta, ta juya harshe.

"Baban Uwa. Taso. Da kai yake."